Ƙaramar mayanka a bayan zango: wuƙa ta ƙware, daɓe ya ɓata aiki

A Kumasi ta ƙasar Gana idan aka ce Mayanka, hankalin kowa yana tafiya Kaase ne, inda babban kamfanin yanka yake da kasuwar dabbobi a gefensa. Amma ragon suna, da akuyar da mai cofba, wato gidan abinci, za ta yi miya da ita, da tunkiyar mai cicinga, wato tsire, da dama daga cikinsu ba sa ganin Kaase. A ƙananan wuraren yanka na cikin unguwa ake gamawa da su, kusa da gida, babu kuɗin mota, babu dogon layi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare muka duba, a bayan wani zango, gefen rafi. Ba za mu kama sunansa ba, don abin da ke cikinsa na kirki da na aibu ba shi kaɗai ke da shi ba.

Wurin daɓen siminti ne a ƙarƙashin rumfar kwano, da turke a gefe guda, da tankin roba a kan bulo, da rijiya, da gota guda ɗaya da ta ratsa tsakiyar daɓen ta fita baya. Can baya kuma akwai murhun babbaka. Aikinsu huɗu ne: yanka, fiɗa ko babbaka, wankin kayan ciki, da sara. Tumaki da awaki ne yawancin abin da ake kawowa, saniya sai jefi-jefi. Kuɗin aiki ciniki ne, kuma yana hawa da sauka da girman dabba da ranar da ka zo.

A fara da abin yabo, don akwai shi. Dattijon da ke yanka ya san aikinsa. Wuƙarsa doguwa ce mai kaifi, ba ya wasa ta a gaban dabba, yana fuskantar da ita alƙibla, ya yi bisimilla, ya yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ɗaga hannu ba. Abin da ya fi burge mu shi ne ba ya bari yara su taɓa dabba da wuƙar fiɗa sai ta daina motsi sarai. Wannan tausayi ne, kuma gyaran nama ne, don dabbar da aka bari jininta ya tsiyaye namanta ya fi daɗewa bai juya ba. Masu fiɗa su ma gwanaye ne. Da dunƙulen hannu suke raba fatar rago da jiki, wuƙa sai a ƙafafu da ƙirji, fata ta fito ba huji ko ɗaya. Sannan akwai amana: kai, ƙafafu, hanta, ƙoda, duk a gabanka ake ajiye su, ba ka komawa gida Hajiya ta tambaye ka ina zuciyar ragon ta shiga.

To, daga nan ne yabo yake fara ƙarewa.

Turken babu kwamin ruwa, kuma babu al'adar barin dabba ta huta. Ana sauke ta daga aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, a ja ta kai tsaye zuwa daɓe. Ƙa'idar da likitocin dabbobi suka sani ita ce dabba ta huta awa 12 zuwa 24 kafin yanka, a ba ta ruwa iya shanta, a janye abinci. Dalilin biyu ne. Dabbar da ta gaji ta ƙone sukarin da ke cikin tsokarta, kuma wannan sukarin ne bayan yanka yake juyewa ya ba nama ɗan tsamin da ke hana ƙwayoyin cuta saurin yaɗuwa. In babu shi sai nama ya fito baƙi-baƙi, ya bushe a ido, ya yi saurin wari. Saniyar da ta shigo ta Paga, kan iyakar Gana da Burkina Faso, ta yi tafiyar fiye da kilomita 500 a tsaye cikin tirela kafin ta ga Kumasi, ita ta fi kowa buƙatar wannan hutun. Dalili na biyu, tumbin da ya cika taf da dusa ya fi saurin fashewa a hannun mai fiɗa. Masu raguna su ma suna da laifi a nan, don wasu da sassafe suke ɗura wa rago abinci wai ya cika ido a gaban surukai.

Duba lafiyar dabba kafin yanka ba kullum ake yi ba. Ranar da ma'aikacin lafiyar dabbobi ya zo, ana yi, ana buga hatimi a jikin nama. Ranar da bai zo ba, idon mahauci ne likita. Idon tsohon mahauci ba abin rainawa ba ne, ya san huhun da ya manne da haƙarƙari, ya san hantar da tsutsa ta ci ta yi tauri. Amma akwai abin da sai an tsaga wuri na musamman ake gani. Tarin fuka na shanu a ƙulluttan da ke tsakanin huhu yake ɓuya, sai an yanka su a ga wani abu kamar cuku a ciki. Ƙwayayen tsila kuma a naman muƙamuƙi da zuciya da harshe ake neman su, farare ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. A wannan wurin ba a yin wannan tsagar sai ma'aikacin yana tsaye. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne karɓar dabbar da aka kawo a kwance, mai ita yana gaggawar a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Kowa ya tuna watan Yuni na 2023, lokacin da ciwon saifa ya ɓulla a Binduri da wasu gundumomi na jihar Upper East, har aka hana zirga-zirgar dabbobi da yankansu a can na wani lokaci. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko ta dubura kuma ba ya daskarewa, alamar wannan ciwon ke nan, ba a buɗe ta ko kaɗan. Da iska ta taɓa jinin, ƙwayar cutar tana yin sulke ta zauna cikin ƙasa shekaru da yawa. A rufe ta, a kira likitan dabbobi, shi ke nan.

Babbar matsalar wurin ita ce daɓe. A ƙasa ake yanka, a ƙasa ake fiɗa, a ƙasa ake farke ciki. Mahauta suna cewa fatar ita ce tabarma, nama a kanta yake, bai taɓa ƙasa ba. A minti biyar na farko gaskiya ne. Bayan haka gefen fata yana naɗewa, gashin da ya kwaso kashi daga turke ya kwanta a kan cinya, ruwan da aka watsa wa dabbar da ke kusa ya malalo ƙarƙashi. Cikin tsokar lafiyayyar dabba kusan babu ƙwayar cuta. Duk ƙazantar da ke kan nama daga waje take zuwa, kuma hanyoyinta sanannu ne: bayan fata, abin da ke cikin tumbi da hanji, hannu da wuƙa, sai ruwa. Fiɗa a ƙasa tana buɗe waɗannan ƙofofi duka lokaci guda. Simintin kansa ya farfashe, jini da kitse sun shige cikin tsagar, tsintsiya ba ta kai wa can. Kuma ba a ba daɓen gangare ba, shi ya sa ruwa ke kwanciya a kwazazzaɓai. Daɓen yanka yana son gangaren kamar santimita 2 a kowace mita zuwa bakin gota, da siminti mai santsin da za a iya gogewa amma ba mai sulɓin kayar da mutum ba.

Maganin wannan ba injin Turai ba ne. Bututun ƙarfe mai kauri ne a gicciye bisa ginshiƙai biyu, tsayin mita biyu da 'yan kai, da ƙugiyoyi marasa tsatsa. Kowane mai walda a Suame zai haɗa shi a yini guda. Rago a rataye ta ƙafafun baya, fata tana sauka ƙasa tana nisantar nama, kayan ciki suna faɗawa cikin daro da nauyinsu, ba a jikin nama ba. A wurin akwai ƙugiya biyu a jikin ginshiƙin rumfa, amma sai an gama fiɗa ake rataye nama a kansu, wato bayan ɓarnar ta riga ta auku. In ka ce a rataye maka tun farko suna yi, ba gardama, sai dai ka ji wani yana cewa, "Alhaji, ai wuta tana kashe komai." Wuta tana kashe da yawa, amma ba ta bin naman zuwa kan faranti da wuƙar kicin da hannun yarinyar da ta yanka shi sannan ta yanka tumatur ɗin salak. Kuma akwai ƙwayoyin da in sun daɗe a kan nama cikin zafi suna barin dafin da tafasa ba ta karya shi.

Akwai ɗauri guda biyu da ba a yi a nan, kuma kowannensu bai kai minti ɗaya ba. Na farko, ɗaure hanyar abinci a wuya bayan yanka, don in an juya dabba ko an rataye ta, ruwan tumbi kada ya kwararo ya wanke wuya da ƙirji. A rago ƙulli ake yi da ita kanta hanyar, a saniya a sa igiya. Na biyu, a zagaye dubura da wuƙa, a sa mata leda, a ɗaure, sannan a tura ta ciki ta fita tare da hanji. Rashin waɗannan ne ya sa kake ganin kore-kore a wuyan rago da ƙugunsa. Abin da yaran wurin ke yi in hakan ta faru shi ne su watsa ruwa su goge da tsumma. Wannan kuskure ne babba. Ruwa ba ya cire ƙazantar, yana shimfiɗa ta ne daga tafin hannu guda zuwa rabin jiki, ido ya daina gani amma tana nan. Wurin da kashi ya taɓa yanke shi ake yi da wuƙa mai tsabta a yar. Tsumman kuwa, ɗaya ne tun asuba, ya bi raguna goma kafin ya zo kan naka. Wani abin kuma: wasu masu fiɗar akuya suna huda ƙafa su hura iska da baki don fata ta saki. Famfon keke yana yin wannan aikin ba tare da numfashin kowa ya shiga ƙarƙashin fata ba.

Wuƙa guda ce ke tsaga fata, ta farke ciki, ta yanka hanta, tsakanin aiki kuma tana hutawa a daɓe ko cikin takalmin roba. Tsarin da aka sani shi ne wuƙa biyu: ɗaya a hannu, ɗaya cikin ruwan zafi na digiri 82 ko sama, ana musanyawa duk lokacin da aka tashi daga fata zuwa nama da kuma tsakanin dabba da dabba. Ba sai da lantarki ba. Tukunya a kan kurfoti, wato murhun gawayi, ruwa yana huci kusa da tafasa, ta wadatar. Wurin da wuta ke ci tun safe don babbaka bai da hujjar rashin ruwan zafi.

Ruwa shi ne inda aka fi tsuke hannu. Lissafin da masana ke bayarwa na wurin yanka mai tsabta shi ne kamar lita 100 ga kowane rago ko akuya, lita 1,000 ga saniya, har da wankin daɓe da kaya. Wato galan ɗin Kufuor, jarkar ruwan nan mai ruwan ɗorawa, huɗu ko biyar ga rago guda. A nan abin da ake kashe wa rago bai fi bokiti biyu ba. In famfo ya kawo ana cika tanki, in ya ɗauke sai a koma rijiya, ita kuma rijiyar tana ƙasa da daɓen, ba ta da nisa da gota, bakinta babu murfi. Da damina, wadda a Kumasi sau biyu take zuwa a shekara, ruwan saman daɓe yana samun hanyarsa zuwa can. Daron wankin hanji kuma ba a canza ruwansa sai ya yi kauri. Hanjin dabbar mutum na farko ya sami ruwa, na mutum na takwas miya ya samu. Kuma a gefen naman da aka rataye ake wannan wanki, tartsatsin yana kai wa. Ya kamata wankin kayan ciki ya koma bayan katanga ko da ta bulo huɗu ce, da ruwa mai zuba daga famfon tanki, ba na tsome ba.

Yanzu ga sharar, wadda ita ce ta haɗa wurin faɗa da maƙwabta. Hausa ta yi dabara da ta kira wurin yanka kwata, ta kuma kira magudanar ƙazanta kwata. A nan kam an ɗauki maganar da gaske, don komai gota ake turawa.

Jinin da ke fita a yanka ya kai kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na nauyin dabba. Rago matsakaici zai ba da lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, saniya mai kilo 300 ta ba da lita 9 zuwa 12. A ido ba yawa. Amma jini ya fi duk wani abin da ke fita daga mayanka ƙarfin ɓata ruwa. In ya shiga rafi, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi suna shanye iskar da ke cikin ruwan, kuma lita guda ta jini tana cin iskar da ta ninka ta lita guda ta ruwan ƙazantar gida sau ɗaruruwa. In aka yanka raguna ashirin, jininsu kaɗai ya yi daidai da ƙazantar da mutum kusan ɗari za su fitar a yini. Shi ya sa rafin bayan wurin ya yi baƙi yana kumfa, kuma warin da ke tashi da rana tsaka ba na kashi ba ne, na ruɓaɓɓen jini ne. Rafukan garin nan irin su Aboabo da Subin suna gangarawa ne su haɗu da Sisa su shiga Oda, kuma akwai masu lambu a gefen rafukan Kumasi da ke ban ruwan latas da kabeji da albasa mai ganye, abubuwan da ake ci ɗanye a kan wake da shinkafa. Abin da aka tura gota da safe yana iya dawowa zango cikin leda.

Ƙa'idar ita ce a kwashe kafin a wanke. Faffaɗan tire a ƙarƙashin wuya lokacin yanka, a juye a durom mai murfi. Da zarar jini ya haɗu da ruwa ba ya sake rabuwa, ka mayar da lita talatin ta zama lita dubu ta ƙazanta. Wasu wurare suna dafa jinin su shanya ya zama garin abincin kaji, amma jini mai kwarara najasa ne, kuma mahautan zango da yawa ba sa son cinikinsa. Wannan a bar wa malamai. Hanyar da ba ta da gardama ita ce taki.

Dattin tumbi ya fi jini yawa nesa ba kusa ba. Rago yana ɗauke da kilo 3 zuwa 5, saniya kilo 25 zuwa 40. A wurin ana zazzage shi a bakin gota a bi shi da ruwa, shi ne yake toshe ta, yara su sa sanda suna tsokala. Alhali ciyawa ce da aka riga aka niƙa, rabin aikin taki ya ƙare. Kumasi kuma gari ne na katako, garin zarto a Sokoban neman mai kwasa yake yi. A shimfiɗa garin katako kamar tsawon tafin hannu, a zuba dattin tumbi, a yayyafa jinin ranar, a rufe da wani garin katakon yadda ƙuda ba zai ga danshi ba. Tsibin ya kai mita ɗaya a tsayi, a ƙarƙashin rumfa don ruwan sama. Cikin kwana kaɗan cikinsa zai ɗauki zafin digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe ƙwan tsutsa da yawancin ƙwayoyin cuta. A juya shi mako-mako, cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙar ƙasa mai ƙamshin damina. In ya yi wari, danshi ya yi yawa, a ƙara garin katako. In ya ƙi zafi, ya bushe ne ko tsibin ya yi ƙarami. Rufewar nan tana da muhimmanci, don ƙwan ƙuda yana ƙyanƙyashewa cikin yini guda, kuma a zafin garin nan mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi ya zama ƙuda mai tashi. Bolar da ke bayan wurin, wadda mai aboboya ke kwashewa in ta taru, gidan renon ƙuda ce, kuma tsakaninta da naman da aka rataye bai fi taku ashirin ba.

Ruwan wankin da ya rage bayan an kwashe jini da datti shi ma bai kamata ya tafi rafi kai tsaye ba. Raga ta ƙarfe a bakin gota mai ƙananan ido, wadda ake ɗagawa a kakkaɓe, za ta tare gashi da guntayen nama. Bayanta rami mai ɗaki uku: a na farko mai nauyi ya kwanta, a na biyu kitse ya taso sama, bututun da ke haɗa su ya ɗebi ruwa daga tsakiya, ba daga sama ko ƙasa ba, na uku ya kai ga ramin tsotsewa mai duwatsu, nesa da rijiya da aƙalla mita 30. Akwai alamar an taɓa gina irin wannan a wurin, amma ya cika ya daskare. Haka suke mutuwa a ko'ina: kitse in ba a kwashe shi kullum ba yana yin tauri ya toshe bututu, ruwa ya bi ta sama, kowa ya ce ramin ba ya aiki.

Da can angulaye ne ma'aikatan tsabta na kowace mayanka a Gana. Yanzu sun ragu ƙwarai, har tun 2015 aka sa irin angulun nan na cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Gurbinsu karnuka suka cika, kuma wurin ba shi da shinge. Huhu ko hantar da aka ga ƙurji mai ruwa a jiki, yankewa ake yi a jefa musu. Wannan ƙurjin matakin wata tsutsa ce da ke girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita a kashinsa, ya koma ga tumaki da mutane, a jikin mutum kuma ya yi jakar ruwa a hanta da sai tiyata. Duk abin da aka ƙi, wurinsa rami mai zurfi da murfi, ko wuta.

Babbaka ita ce inda muke cewa kada a yi sassauci. Da tsofaffin tayoyi ake yinta, don taya arha ce kuma wutarta tana da ƙarfi. Baƙin hayaƙin yana ɗauke da sinadarai irin su benzofairin, wanda hukumar binciken kansa ta duniya ta sa a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, ga kuma tutiya da wasu ƙarafa da ke cikin robar. Suna liƙewa a fata da kitsen da ke ƙarƙashinta, wato daidai abin da masu son wele (ganda) da akuya mai fata suke nema. Kankarewa da soson ƙarfe yana sa fata ta yi ja ta yi kyau, amma kallon kitse ake wa rogo, abin da ya shige kitse bai fita ba. Wanda ya fi cutuwa ma shi ne yaron da ke tsaye cikin hayaƙin tun asuba. Gane ta ba wuya: naman taya yana da ƙaurin roba da ba ya barin miya, kuma a murhun za ka ga tarin wayoyin ƙarfe. Suna yin babbaka da itace in ka biya ƙari ko ka kawo naka. Bututun wuta na gas ya fi duka tsabta da sauri a kan akuya, sai dai babu shi a wurin.

Kututturen sara ya tsattsage, ba a kankare shi, ba a zuba masa gishiri da yamma kamar yadda tsofaffin mahauta ke yi. Wankin ƙarshen aiki ruwa ne da tsintsiya. Tsarin da ya dace: a share busasshe, a wanke da sabulu da buroshi, a ɗauraye, sannan a zuba ruwan bilic, mililita 40 na mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari a lita 10 ta ruwa, a bar shi minti goma. Zuba bilic a kan jini da kitse asarar kuɗi ce, don ƙazantar tana cinye ƙarfinsa. Ma'aikata wasu da takalmin roba, wasu da silifa, babu mai rigar leda, kuma babu wurin wanke hannu da sabulu kusa da ban ɗaki. Dokar lafiyar jama'a ta 2012, mai lamba 851, ita ce ta ba hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana, wato FDA, ikon sa ido kan wuraren sarrafa abinci, kuma majalisun ƙananan hukumomi suna neman masu taɓa abinci su riƙe takardar gwajin lafiya. Amma tankas, wato ma'aikacin duba-gari, ba zai kwana a wurin ba. Wanda maganarsa ke aiki kullum shi ne Sarkin Fawa, kuma duk abin da muka lissafa, in ka cire gyaran daɓe da rami, ƙaramin karo-karo tsakanin mahauta zai ɗauke shi.

Babu firji, babu ɗakin sanyi. Nama yana son ya sauka zuwa digiri 7, kayan ciki digiri 3, alhali rana a Kumasi tana kaiwa talatin, zafin da wasu ƙwayoyin cuta ke ninka kansu duk minti ashirin. Saboda haka lokaci shi ne firjinka.

Hukuncinmu: ga rago ko akuya wurin yana amfanuwa, in ka tsaya a kan kayanka. Ga saniya ba mu ba da shawara ba, babu abin ɗaga ta, babu ruwan da zai ishe ta, a kai ta Kaase. Mai zuwa ya zo da asuba ya kasance cikin na farko, lokacin daɓe bai jiƙe ba kuma ƙuda bai tashi ba. Ya hana ragon abinci tun daren jiya, ya bar masa ruwa. Ya zo da galan biyu na ruwan famfo, da daro biyu masu murfi, ɗaya na nama ɗaya na kayan ciki, kada su haɗu. Ya ce wa mai fiɗa a rataye tun farko, a ɗaure wuya da dubura, kada tsumma ya taɓa naman. Kada a ƙulle nama mai ɗumi cikin baƙar leda a jefa but ɗin tasi, gumi yake yi ya fara juyawa kafin a isa gida. A bar shi ya sha iska a rataye kamar rabin awa, a sa a daro, a rufe da farin ƙyalle mai tsabta. Kayan ciki su fara shiga tukunya, cikin awa biyu da yanka. Ranar Babbar Salla da kashegarinta kuwa, wurin yana karɓar abin da ya fi ƙarfinsa sau da yawa, gota tana cika kafin hantsi. A waɗannan ranakun gara ka ɗauki ɗaya daga cikin masu fiɗar zuwa gida, ka haƙa rami mai zurfin gwiwa biyu don jini da dattin tumbi, ka rataye ragon a reshen bishiya.